Ku Tambaya Mu Amsa: Karatu ta intanet, wa ke duba maka aikinka?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka shigo yawancinsu a kan abu guda suke, wato karatu ta intanet, daga Yamai da Tawa musamman. Na zaɓi huɗu, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗiya mace ce, ina Tawa unguwar Sabon Gari, ina aiki wata farmasi da rana. Na samu bak amma ban ci gaba ba saboda aure da haihuwa. Bara na yi rajista wata makaranta da ke ba da lisans na gestiyon ta intanet, na biya kashin farko, sunka ba ni lambar shiga sunka ce duk darussa na nan ciki. To na shiga, PDF ne da bidiyo tuli guda, watan farko na yi ƙoƙari ƙwarai amma da munka kai ga kontabilite sai na kafe, na aika tambaya ba a amsa min ba sai bayan sati biyu kuma amsar layi guda ce. Yanzu wata ukku ke nan ban buɗe ba. Maigidana na cewa ƙila ni ce ba ni da kan karatu. In bari ne in jira yara su girma in koma jami'a, ko mi ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara cire wannan maganar daga ranki, wadda ta ci bak a ƙasar nan ba a ce mata ba ta da kan karatu. Abin da ya same ki ya samu mutane masu yawa a duniya, har da waɗanda wuta ba ta ɗauke musu kuma rezo ba ya musu gardama. A 2019 wasu masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka sun duba darussan da MIT da Harvard suka zuba a dandalin edX, suka ga a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 kusan mutum 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka yi rajista suka kai ƙarshe. Gaskiya ne da yawansu leƙawa kawai suka yi tunda kyauta ne, amma duk da haka, darasi daga manyan malaman duniya, ga shi a buɗe, mutane na shiga suna zamewa. Kin ga ba rashin darasi mai kyau ba ne ke kada mutum.

Tuna lokacin da kike lise. Akwai abubuwa da yawa da ke riƙe da ke waɗanda ba ki ma lissafa su cikin karatu. Ƙarfe takwas dole kina cikin aji, in ba ki zo ba surbeyan ya rubuta. Mushe na gaban tablo yana bayani, ya juyo ya ga fuskokinku sun yi wani iri, ba wanda ya ce uffan amma ya gane ba ku fahimta ba sai ya goge ya sake da wani misali. Ta kusa da ke ta ara miki kaye ranar da ba ki da lafiya. In bak ta matso kuwa kin san yadda ake, ƴan tarminal su haɗa gurup su samu tablo a bangon wani gida ko ƙarƙashin fitilar titi, ɗaya ya riƙe alli yana warware lissafi sauran na zaune bisa benci da tabarma suna tsayar da shi, "dakata, daga ina wannan alamar ta fito?", ya koma baya ya gyara, har dare ya raba ana shayi ana musu. Rabin abin da ya kai ki ga bak a irin wannan wurin kika same shi. Yau an ɗauke duk wannan an bar ki da waya a hannu bayan kin wuni tsaye a farmasi kin dawo kin yi girki kin kwantar da yara, sannan a ce ke kaɗai ki fahimci kontabilite daga PDF. Kamar a ba yaro keken ɗinki da yadi ne a rufe shi a shago a ce ya fito tela.

Ba wai ina cewa aji kullum aljanna ba ce. Wanda ya zauna anfi a shekarar farko ta jami'a, ɗalibai ɗaruruwa malami na can nesa da makirfo, ya san nan ma ba wanda ya san sunanka. Amma ko a can akwai masu ceto, delege na aji, yayyen da suka wuce shekarar suna ba ka tsoffin jarabawa, mai fotokopi da ya san wane kur ne ya fito, abokan ɗaki. Tallafin yana zuwa da kansa saboda mutane na wuri guda. A intanet ba ya zuwa da kansa, sai wani ya zauna ya tsara shi ya biya mutanen da za su yi shi, kuma nan ne makarantu da yawa ke tsuke hannu don zuba bidiyo sau ɗaya ake yi amma mai gyara aiki kowane wata sai an biya shi.

Duba waɗanda suka ɗauki abin da gaske. Open University ta Ingila da aka kafa a 1969, ta fara ɗaukar ɗalibai a 1971 tun babu intanet, da gidan waya da talabijin ta fara, amma kowane ɗalibi na da malamin bibiya, shi ke karanta aikinsa ya rubuta masa gyara dalla-dalla ya kuma amsa masa in ya kafe. Senegal da ta buɗe jami'arta ta intanet a 2013, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Cheikh Hamidou Kane, ba ta ce kowa ya zauna ɗakinsa ba, sai da ta yi cibiyoyi a garuruwa da ake kira ENO inda ɗalibi zai je ya samu koneksiyon ya haɗu da ƴan'uwansa. Nan maƙwabta Najeriya, jami'ar karatu daga nesa ta NOUN da aka farfaɗo da ita a 2002 tana da cibiyoyin karatu a jihohi har da Sakkwato da Katsina da Kano. Duk cikinsu ba wadda ta ce lambar shiga ta isa.

Don haka kar ki biya kashi na biyu tukuna. Ki rubuta musu, ba bokal ba, rubutu wanda zai zauna shaida, ki tambaye su sunan malamin da ke bibiyar ajinku, kwana nawa ne ƙa'idar amsa tambaya, akwai zama kai tsaye a sati ko babu, kuma su haɗa ki da sauran ƴan ajinku ko da gurup na WhatsApp ne. In sun amsa da kyau ki ba su dama zango ɗaya. In sun yi ta kwana-kwana to kin san ba makaranta ba ce kika shiga, ki nemi wata, kuɗin da ya tafi ya riga ya tafi kar ki bi shi da wasu.

Sannan ki gina ma kanki abin da suka kasa ba ki. Kina Tawa, ga jami'ar Djibo Hamani nan cikin gari kuma ana karanta gestiyon a can, ba za ki rasa wata ɗaliba ta shekara ta biyu ko ta ukku da za ta zauna da ke awa ɗaya ran Asabar ba, ki riƙa ba ta ɗan na taksi. Kontabilite da hannu ake koyonta, ki sayi kaye babba ki ja layi, debi nan kiredi can, ki yi aikin da bik ita kuma ta duba ta nuna miki inda ya karkace. Ki sauke bidiyoyin lokacin da rezo ke da sauƙi ki kalla daga baya. Ki zaɓi lokaci guda da ba ya canjawa, yawancin mata masu aiki bayan sallar asuba ya fi musu kafin gida ya tashi. Shi kuma maigida, ki gaishe shi ki faɗa masa in ji ni, ya riƙe yara minti 40 kullum ya ga ko kan karatun zai fito ko ba zai fito ba. Batun jira yara su girma ban goyi baya ba gaskiya, na ga mata da yawa da suka ce haka, shekaru suka tafi zuciya ta yi sanyi.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni malamin lissafi ne a wata makaranta mai zaman kanta nan Yamai. Bana mai makarantar ya kawo wani dandali na intanet, aka yi mana formasiyon kwana biyu aka ba mu atestasiyon, aka ce kowa ya riƙa zuba darussansa. Iyaye an ƙara musu kuɗi a kan haka. Ni dai na zuba amma yara ba sa buɗewa, waɗanda ke buɗewa kuma WhatsApp suke biyo ni da tambaya har sha biyun dare, da forfe na, ba wanda ke biya na. Wasu abokan aikina dattawa ko shiga ba su iya ba suna jin kunyar faɗa. Laifin wa ne?

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Kwana biyun nan abin da aka koya muku shi ne inda ake dannawa. Yadda ake koyar da yaron da ba ka ganin fuskarsa wani ilimi ne daban kuma ba a taɓa shi ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ƙasar nan ta san wannan darasin tun kafin a haifi yawancinmu. A 1964 zamanin Diori Hamani aka fara koyar da yara ta talabijin a Nijar, muna cikin na farko-farko a Afirka, daga baya abin ya kai azuzuwa ashirin da ƴan kai a kewayen Yamai. Shirye-shiryen gajeru ne, sauran wunin duk yana hannun monita, wato mutumin da ke kula da ajin, kuma monitocin nan ba manyan malamai ba ne, matasa ne masu satifiket na firamare, amma an ba su horo kafin su fara sannan ba a sake su ba, ana aiko musu takardun jagora na abin da za su yi bayan kowane shiri, ana bin su ana gyara musu. Waɗanda suka tsara abin sun gane akwatin ba ya koyarwa shi kaɗai. Sai ga mu a 2020, korona ta sa aka rufe makarantu ran 20 ga Maris ba a buɗe ba sai 1 ga Yuni, kowa ya ga yadda aka yi, malamai na ta tura hotunan kaye a gurup ba tsari, yaran da gidansu ba babbar waya suka zauna haka nan. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki ba abin mamaki ba ne, amma ko a gidajen da ke da komai karatun bai tafi ba don ba wanda aka shirya.

A shekarar nan ta 2020 an yi wani gwaji a Botswana da gidaje kusan 4,500. Wasu ana tura musu aikin lissafi ta SMS kowane sati, wasu kuma bayan SMS ɗin sai wani ya kira su minti 15 zuwa 20 ya bi aikin da yaron. Waɗanda ake kira su ne suka ci gaba a fili, saƙo shi kaɗai bai yi wani tasiri ba. Nan gida ma an ga irin haka, wata mai bincike Jenny Aker, lokacin tana jami'ar Tufts ta Amurka, da abokin aikinta sun gwada a azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, kowane sati a kira malamin a kira maigari a kira wasu ɗalibai a tambayi yadda aji ke tafiya, ba wani abu aka ƙara ba sai wannan kiran, kuma ɗaliban suka fi sauran koyo. Ƙaramar waya ce fa mai tocila, ba dandali ba.

To ga abin da nake ganin za ka yi. Ka daina zuba darasi shafi goma, ba mai karantawa a waya. Abu ɗaya tak a lokaci guda, hoton tablo mai tsabta, bokal na minti ukku ko huɗu kana bayani, in ta kama ka sa Hausa ko Zabarmanci a inda ya yi tsauri, sai aiki biyu ko ukku. Yaro ya yi a kayensa ya ɗauki hoto ya turo. Kai kuma ba sai ka gyara wa kowa ɗaya bayan ɗaya ba, ka duba ka ga kuskuren da ya fi yawa, misali rabin aji sun manta canja alama da suka tsallakar da lamba, ka yi bokal ɗaya a kai, washegari a aji ka fara da shi. Wanda sati ya wuce bai turo komai ba shi ne za a kira, sau da yawa za ka tarar wayar ta uba ce yana kasuwa sai dare, ko ta yaya ce ya hana, ƴan mata sun fi shan wannan. Ka sa lokaci ka sanar, daga bayan la'asar zuwa isha'i misali, bayan nan ba amsa sai gobe.

Dattawan da ka ce suna jin kunya, kar a bar su haka, cikinsu akwai waɗanda suka fi ku iya koyarwa nesa ba kusa ba. Mun saba da CAPED inda malamai ke haɗuwa su tattauna aiki, ku yi irinta a makarantarku, awa ɗaya duk sati biyu, matashi ya zauna kusa da dattijo ya nuna masa dannawa, dattijo ya duba darasin matashi ya ce masa nan ka yi sauri yara za su ɓace. Shi kuwa mai makaranta ku same shi ku da yawa ba kai kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tunda an karɓi kuɗin iyaye, forfe da awowin gyaran aiki su shiga lissafi, kuma a samu mutum guda da za a riƙa kira in abu ya ƙi, ba sai an jira wanda ya sayar da dandalin ba. Laifin da ka tambaya, mafi yawansa na wanda ya sayi kaya bai ware ko dala ba don mutanen da za su yi aiki da su.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Wadata. Yarona ya samu bak bana, ya ce shi ba ya son jami'ar gida saboda yajin aiki da jinkirin shekara, ya ga talla a Facebook wata jami'ar waje na ba da diplom ta intanet shekara ukku. Ni ban yi lakol ba, ku ba ni shawara kar in zubar da kuɗi.

AMSA: Alhaji barka da arziki, Allah ya sa albarka. Damuwar yaron tana da tushe, amma ni a ganina yaro ɗan shekara 18 ko 19 da ya fito lise jiya, aji ya fi masa. Karatu ta intanet ya fi dacewa da babba wanda ya san abin da yake nema, aiki ko iyali suka ɗaure shi. Yaro bai saba tsara ma kansa lokaci ba, kuma wayar da zai yi karatu da ita ita ce dai mai TikTok da ƙwallo, ga fada na jiran shi ƙofar gida. Yanzu ba Yamai kaɗai ke da jami'a ba, akwai Tawa da Maraɗi da Damagaram tun 2010, aka ƙara Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi a 2014, ga makarantu masu zaman kansu.

In ya nace, kar ka fitar da ko jikka guda sai ka aiki wanda ka yarda da shi ya je ma'aikatar ilimi mai zurfi da cikakken sunan makarantar da na diplom ɗin, ya tambaya ko za a amince da shi ranar shiga konkur. A duba kuma ko CAMES ta san da shi, wannan hukuma ce ta ƙasashenmu da ke tantance diplomomi, a nan Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, hedkwatarta na Wagadugu. Sannan ka tambayi makarantar da kanka ta bakin yaron: a ina ake rubuta jarabawa kuma wa ke tsaro? Wa ke gyara aikin ɗalibi, za a iya magana da shi? Za su haɗa ku da wani ɗan Nijar da ya gama a wurinsu? Wadda ta ce jarabawa a gida ake yi ba mai kallo kuma kowa na ci, takarda take sayarwa. In an wuce duk wannan, ka ce ma yaron duk ƙarshen wata ya kawo maka makinsa wani ya karanta maka, ko ba ka yi lakol ba sanin cewa za ka tambaya zai riƙe shi.

TAMBAYA: Malam ni ina karantar da littattafai a zaure nan cikin Tawa. Samari yanzu sai su saurari karatun manyan malamai a waya su ce sun sauke littafi, sun bar zuwa. Mi za mu yi da su?

AMSA: Allah gafarta Malam, ku ne ma kuka fi kowa riƙe abin da nake ta faɗa tun sama, don a zaure ɗalibi ne ke jan baƙi malami na saurare, ya yi tuntuɓe a wasali a tsayar da shi nan take, ba ya wucewa sai ya gyara. Mai saurare a waya zai iya shekara yana maimaita kuskure bai sani ba tunda muryar da ke cikin wayar ba ta jin shi. Amma kar a hana su saurare, alheri ne, da can sai mutum ya yi tafiya Sakkwato ko Zariya kafin ya ji irin waɗannan malaman. Ku juya abin, ku ce su saurari babin a gida su zo zaure su biya a gabanku ku yi musu tambayoyi, za ku ga lokaci ma ya ragu. Waɗanda suka tafi bida Libiya ko Abijan ko Legas kuma a buɗe musu gurup, kowa ya karanto nasa a bokal ya turo, ku ko wani babban almajirinku ya saurara ya mayar masa da gyara, a sa rana biyu a sati don kar abin ya yi muku yawa, su kuma su riƙa haɗa kuɗin forfe tsakaninsu.